Ƙwayar da Inna Hajjo Ta Sa wa Gwamnati a Ruwa

Duk wanda ya ce a Dingyadi ya tashi amma bai san Inna Hajjo ba, to ba tashi ya yi ba, wucewa ya yi a mota. Gajeruwa ce, kakkaura, mai kafaɗar ɗaukar tulu, ga murya: in ta kira akuyarta a bayan gida, ta maƙwabta ce ke fara amsawa. Haifaffiyar Danchadi ce, aure ya kawo ta. Abu biyu take taƙama da su a duniya, rijiya da wata doka da ta gada wurin uwarta.

Rijiyar, mijinta Arzika ne ya haƙa ta da hannunsa a tsakar gida. Mutane na ta yi masa dariya wai yana neman ruwa a kan tudu, shi kuwa bai kula kowa ba, sai ga ruwa garai-garai, mai sanyi, ba ɗanɗanon kanwa. Da Arzika ya rasu ya bar gona, ya bar ɗa guda, Maniru direban babbar mota, amma in Hajjo ta ce "gadona", rijiyar take nufi. Rabin matan unguwa a nan suke ɗiba. Kowace safiya sai ta leƙa ciki, ta ga fuskarta can ƙasa, ta yi wa mai haƙar addu'a, sannan ta fara faɗa da awaki.

Dokar kuwa ita ce: ba a ba baƙo ruwa tsura. "Ruwa tsura sai jaki," in ji ta. Baƙonka annabinka, yaya za ka miƙa masa abin da kaza ma ke sha kyauta? In akwai fura, a dama kaɗan a ruwan ya yi fari, shi ne farau-farau. In babu, a zuba nono. In babu nono, tsamiya. Shekarar babban fari, da mutane ke tonon gidan tururuwa neman hatsi, Hajjo ta ɗaure tsamiya guda da zare, baƙo ya zo ta tsoma ta a moɗa ta ciro ta rataye. Aminiyarta Mairo, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta ce tsamiyar nan ta yi aiki har ta isa fansho.

Da aka shiga siyasa ta biyu duniya ta ɗan yi daɗi. Maniru ya dawo daga Ikko da tsarabar kwalin sukari mai ƙwaya, farare tas kamar haƙoran amarya. Ba a daɗe ba abu ya juye, aka shiga abin da rediyo ke kira tsuke bakin aljihu. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace, sukari kuwa sai a labari. Hajjo ta naɗe kwalinta da tsumma, ta sa a ƙasan kwalla, ta tura ƙarƙashin gado. Wannan na babban baƙo ne. Ko ita sai dai ta buɗe ta shinshina.

Ƙarshen damina amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyukan Bodinga har zuwa Lambara. Kulu, matar Maniru, ita ma ta kwanta, da kyar ta tashi. Shi ne aka turo Surajo, sabon duba-gari ɗan Gusau, siriri mai dogon wuya, yana yawo a kan babur da akwatin ƙanƙara cike da kwalabe. Aikinsa ya bi gida-gida ya ɗebi ruwan rijiya da na randa, a kai Sakkwato a duba ko akwai ƙwayoyin cuta. Tunda ya san abin da ruwa ke iya ɓoyewa, duk gidan da aka miƙo masa moɗa sai ya ce yana azumi. Litinin azumi, Talata azumi, Juma'a ma azumi. Har an fara raɗe-raɗin yaron nan waliyyi ne.

Ya yi sallama a zauren Hajjo da hantsi, tana tsakiyar kwasar takin awaki.

"Wa na?"

"Duba-gari ne, Inna."

Ta goge hannu a zane ta fito da moɗar farau-farau. "Lale da ɗan gwamnati! Jiƙa maƙoshi."

"Ina azumi, Inna."

"Yau Asabar ta fa, ɗana. Wane zunubi ka yi haka da ba ya ƙarewa?"

Surajo ya yi murmushin yaƙe ya ciro kwalabe biyu. Ka'idar aiki shi zai ɗiba da hannunsa, amma rijiyar na tsakar gida, ga matar aure a ciki, gidan ba shiga. Sai ya yi mata bayani dalla-dalla: wannan ta cika da ruwan rijiya, wannan da na randa, kada ta wanke su, kada ta taɓa bakinsu. "Sakkwato za a kai, wurin manya."

Cikin duk maganar nan, abin da ya shiga kunnen Hajjo shi ne na ƙarshe. Manya. A Sakkwato. Ruwan Arzika zai je birni, gaban masu manyan riguna!

Tana shiga ta buɗe kwalba ta shinshina. Warin asibiti. Ta ɗauraye su tas, ta naɗa gefen zaninta a yatsa ta goge bakin har ya yi ƙara. Sai ta tsaya tana kallon ruwan da ta jawo. Tsura. Ita Hajjo ɗiyar Danchadi, ta aika wa manyan ƙasa ruwa tsura, a ce daga gidan wa? Farau-farau ba zai yi ba, zai yi tsami a hanya. Ta durƙusa ta jawo kwalla.

Kulu na zaune bakin ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa. "Inna, kamar na ji ya ce kada a..."

"Ke, yaushe anka haihe ki? Kunya ta irin ta 'yan boko. Baƙo ya taɓa cewa a sa mishi?"

Ƙwaya guda ta ciro, zuciyarta na zafi. Ta sa haƙori ta raba ta biyu, rabi a moɗar ruwan rijiya, rabi a ta randa. Ta motsa da yatsa, yatsan nan dai na takin awaki, har ya narke ba alama. Ta ɗura, ta rufe, ta kai wa Surajo da hannu biyu.

Ya ɗaga kwalba a rana. "Kai, ruwanki garau, Inna."

"Ka dai ce musu na Hajjo na. Su da kansu za su ji bambanci."

Babur ya tashi, Hajjo ta shiga jira. Ta gaya wa Mairo ta katanga cewa ƙila a aiko mata da turmin atamfa. Shiru. An ce sakamako ya fito amma babu man da za a sa a babur a ɗauko shi. Ana cikin haka, wata safiya rediyo ya kama kiɗan soja, farar hula suka sauka. Sai labarai suka fara shigowa gari, kuma duk ta bakin Mairo suke bi.

"Hajjo, kin jiya? A birni sun hwasa shagon wani Alhaji, sunka iske sukari ɓoye. Tsallen kwaɗo sunka sa shi, da babbar riga da komi, ana zuba mai bulala!"

"Sukari kawai?"

"Ɓoyon kaya ake ce mishi. An ce ko a rami ka binne, suna da abin da ka jin warinshi."

Hajjo ta ce Allah shi kyauta, ta shiga ɗaki ta ƙara wa kwalla tsumma.

Ranar da Surajo ya dawo, da gwangwanin jan fenti ya zo, fuskarsa kamar mai kawo saƙon rasuwa. Ko zama bai yi ba.

"Inna, sakamako ya fito. An samu ƙwayoyi a ruwanki."

Hajjo ta dafa bangon zaure. "Ƙwayoyi?"

"Na rijiya da na randa duka. Tun daga nan har ƙasar Shagari ba a ga ruwa mai ƙwayoyi kamar naki ba."

"Guda nawa sunka ce?"

"Ba su ƙirguwa, Inna."

Saura kaɗan ta ce ƙarya ne, guda ce tak, ita ma rabi-rabi. Ta kama bakinta da hannu. Can ta ce a hankali, "To, ɗana, abin da ya riga ya narke cikin ruwa, ƙaƙa mutum ka ganin shi?"

"Suna da madubi na musamman. Abin da ido ba ya gani, su suna gani. Ajiye ruwan suke wuri mai ɗumi, ƙwayoyin su hayayyafa, sannan a duba."

Hajjo ta juya maganar a ranta. Su hayayyafa! Ashe gwamnati ta iya kiwon sukari kamar zabi, rabin ƙwaya ta haifi abin da ba ya ƙirguwa, amma aka bar talaka na shan koko ba zaƙi. Duniya ke nan.

Surajo ya zana jan gicciye a bangon zaure. Ya ce daga yau ba mai ɗibar ruwan nan, kuma ranar da Maigari ya sa, za a zo da magina a toshe rijiyar.

"A toshe ta? Rijiyar Arzika?" Muryarta da ke tsallake gida uku, yau ko zauren ba ta cika ba. "Mi rijiya ta yi? In mutum ya hwaɗi inda ƙwayoyin sunka hito, a bar ta?"

"Ai shi muke nema, Inna. In an gano tushen abin, an gama."

To, ga ta nan. So suke ta kai kanta.

Kwanakin da suka biyo baya Hajjo ba ta ji daɗin tuwo ba. Matan unguwa suka koma tafiya can bakin fadama da tuluna, in sun wuce ƙofarta sai su kalli jan fentin su kau da kai. Gidan da ba ya rabuwa da ƙarar guga da gulma ya yi tsit, har awaki sun rage kuka. Da safe ta leƙa rijiya, ta ga fuskarta a ƙasa, sai ta kasa haɗa ido da ita.

Ta gwada rabuwa da kayan laifin. Ta leƙa katanga da kwalin a ƙarƙashin mayafi. "Mairo, na ga kin rame. Amshi wanga ki riƙa sa ma koko."

Mairo ta buɗe tsumma, ta yi baya kamar ta ga kububuwa. "La ilaha! Shekara nawa ina shan kokonki salam, yau da anka hwara bulala kinka tuna da ni? Ni da ciwon gwiwa, ina ni ina tsallen kwaɗo? Mai da abinki!"

Kulu ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, ni fa ina jin ƙwayoyin cuta yake nufi."

"Awo, cuta mana! Akwai cutar da ta wuce wagga? Ka karrama mutane da ɗan abin da kake ji da shi, su saka ma da jan henti!"

Kulu ta koma kan aikinta. Surukar da ke cikin wannan hali ba a gyara mata Hausa.

Hajjo ta auna abin ta kowace fuska. Ta shanye sukarin duka? To ai shaida na Sakkwato tana ta haihuwa. Ta yi shiru? A zuba wa Arzika duwatsu a ido tana kallo. Ta yi magana? Bulala, tsallen kwaɗo a gaban jikokin Mairo, ƙila har gidan yari. Ta shiga bayan ɗaki inda ba mai ganinta, ta kama kunnuwa ta gwada tsalle ɗaya don ta san abin da ke gabanta. Sai da Kulu ta zo ta ɗaga ta.

Ranar ta zo. Maigari da kansa ya iso, aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar zaure. Ga magina da jakai ɗauke da duwatsu, don siminti ya zama zinariya. Ga Surajo, ga kuma wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Safiyya, wadda aka zo da ita don ta shiga ta killace matan gida kafin maza su shiga. Unguwa ta fito kallo. Mairo ta hau turmi tana leƙe.

Sai ga Hajjo ta fito. Zanin sallarta ne a jikinta. Tabarma naɗe a hammata, buta a hannu, ƙunshin tufafi a baya, kwalla a ka. Ta zo gaban Maigari ta sauke komai, ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka. Ga ni, ga ƙwayoyin."

Ta kwance tsumma ta buɗe kwali. Sukari ya yi wal a rana. Wani daga cikin magina ya haɗiye miyau har aka ji.

"Ni na sa. Rijiya ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Guda na sa, wallahi guda, da haƙorina na raba ta, in sun haihu a Sakkwato wanga ba aikina ba na. Ban ɓoye don in sayar ba, don baƙi na aje. Ku yi min bulala, ku kai ni inda za ku kai ni, ga kayana na ɗauro. Roƙona biyu: tsallen kwaɗo ba ni iyawa, na gwada. Kuma ku bar ma Arzika rijiyarshi."

Maigari ya dubi kwali, ya dubi Surajo. Surajo ya miƙa dogon wuyansa ya leƙa kwalin.

"Inna... sukari kika sa a kwalbar?"

"To ruwa tsura zan aika ma manya? Jakai na?"

"Da me kika motsa?"

Ta ɗaga yatsa.

"Me kike yi kafin nan?"

"Kwasar taki. Amma na goge a zane."

"Kwalbar fa?"

"Na wanke ma ita tas, ita ma na goge. Kai ma ka ce ruwan garau."

Surajo ya zauna daɓas a kan buhun magina ya riƙe kai. Safiyya ce ta fara. Ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa, sai dariya ta ƙwace. Magina suka ɗauka, unguwa ta ɗauka, Mairo ta faɗo daga kan turmi. Maigari ya ja rawani ya rufe baki wai yana tari. Hajjo kaɗai ke durƙushe tana raba ido, tana jiran a fara bulala.

Safiyya ta share hawaye ta durƙusa kusa da ita. "Inna, ba ƙwayar sukari ake nufi ba. Wasu halittu ne ƙanana, masu rai, ido ba ya ganinsu. A kashin dabba da na mutum suke, su hau hannu, su shiga ruwa. Irinsu ne suka kwantar da Kulu. Ke kuma kin ɗebo su a yatsa kin zuba, kin haɗa musu da guzurin sukari."

Hajjo ta daɗe tana kallon yatsanta. "Wato baƙin da na karrama ke nan."

"Su fa, Inna. Sun ci sun ƙoshi sun yi 'ya'ya."

"To ba a kama ni?"

Maigari ya gyara murya. "Hajjo, kwali guda ba ɓoyon kaya ba na. Sai dai in kina son a tabbatar, a kawo koko a gwada."

Aka dakatar da magina. Safiyya ta shiga da sababbin kwalabe, ta ɗebi ruwan da kanta, Hajjo na biye da ita tana miƙa hannu tana janyewa. Ganin kwalba ta fita gidanta da ruwa tsura ya fi mata jan fentin ciwo, amma ta cije.

Wannan karon sakamako bai daɗe ba, don Surajo da kansa ya sayi mai. Rijiyar Arzika ta fita daga zargi, sai 'yan gyare-gyare: a ɗaga bakinta, a yi mata murfi, a kafa sandar rataye guga a daina yar da shi ƙasa, awaki su koma bayan gida. Amma randa ba ta fita ba. Ko ba sukari, akwai ƙwayoyin a ciki, saboda moɗar da kowa ke tsomawa har wuyan hannu. Hajjo ta so ta yi gardama, sai ta kalli Kulu da har yanzu ba ta gama mai da jikinta ba, ta haɗiye. Duwatsun da aka kawo don toshe rijiya, da su aka ɗaga bakinta. Aka samo moɗa mai dogon mariƙi, aka rataye sabulun salo kusa da randa, kuma Allah ya jiƙan wanda Hajjo ta kama ya nufi ruwa bai wanke hannu ba. Matan unguwa sun ce duba-gari ma ya fi ta sauƙi.

Surajo ya zo goge jan fentin da kansa. Rana ta take, ya yi gumi sharkaf. Da ya gama ya zauna a zaure, Hajjo ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Yau ma azumin na?"

Ya yi dariya. "Yau na sha ruwa, Inna. A ba ni na rijiyar Baba Arzika. Amma don Allah..."

"Na sani. Kada ka hwaɗa, kunnena ba ya so."

Ta shiga. Aka ji ƙarar wanke hannu, aka ji guga ya sauka ya hau. Sai shiru, shirun ya yi tsawo, har Surajo ya fara zargin wani abu. Can ta fito da faifai. A kai ga kwanon sha cike da ruwa garau, a gefe kuma, can nesa da kwanon, ga ƙwayar sukari guda. Ta ajiye a gabansa tana kallon bango.

"Ga naka na boko, ga nawa na gado. Ka sa a baki ka kora. In sun haɗu a cikinka, babu ruwan gwamnati."

Surajo ya jefa ƙwayar a baki ya kafa kai, bai sauke kwanon ba sai da ya ga gindinsa. Mairo ta leƙo ta katanga ta rangaɗa guɗa, wai waliyyi ya buɗe baki.

Haka Hajjo ta ci gaba da karɓar baƙi har ƙarshen ranta: ruwa daban, abin rakiya daban. Da kwalin ya ƙare ta koma dabino, in babu dabino ƙuli-ƙuli, wata shekarar ma aya guda uku. Rijiyar na nan da murfinta. Tsofaffin unguwar kuwa har yau in ka je gidansu aka kawo ma ruwa da ɗan wani abu a gefen faifai, ba sa cewa ga ruwa. Cewa suke, "Ga Hajjo."